Neman laima mai nono a gefen tabkin Madarunfa

Hanyar da ta fita Maraɗi ta yi kudu ba ta gajiyar da ido a watan Agusta. Hatsi hagu da dama ya fi mutum tsawo, ya fara fid da kai, wake na yaɗo a gindinsa, gujiya ta rufe ƙasa ruf. Gawo kaɗai ya zubar da ganyensa ya tsaya fayau a tsakiyar gonaki, yadda ya saba kowace damina. Mu uku ne a motar: ni, da ɗan ƙanwata da ya zo hutu daga Faransa, da wani maƙwabcina mai tsohuwar Hilux, wanda ya yarda ya kai mu Madarunfa in dai mu za mu zuba mai.

Abin da ya fitar da mu ban faɗa wa ƴan majalisarmu ba, don na san za su yi ta yi mini tsiya har kaka. Laimar kwaɗi muka fita nema. Yaron yana karatun gandun daji ne a birnin Nansi, can gabashin Faransa, inda suke da makarantar wannan fanni tun 1824, kuma cikin duk abin da ke daji babu abin da ya ɗauke masa hankali sai waɗannan ƴan laimomi da muke takewa mu wuce. A cikinsu ma akwai dangi guda da ya ƙwallafa rai a kai, waɗanda in an yanke su suke zubo da nono. Masana suna kiran dangin Lactarius. Ya ɗebe su da hannunsa a dazuzzukan can, yana so ya gani ko namu dajin yana da su. Ni aikina rakiya. Na daɗe ina malamin gona a ƙauyukan nan, an san fuskata, kuma baƙon saurayi da ya shiga gonakin mutane da wuƙa da kwando yana tonon gindin suri, ba a rasa mai cewa ko taɓaɓɓe ne ko mai binne asiri.

Baban Rafi ya so mu je, don can ne dajin da ya rage da kauri a jiharmu. Na ce a'a. Kowa a Maraɗi ya san abin da masu satar mutane suka mai da yankin kan iyakar nan, kuma ba zan mayar wa ƙanwata labari a maimakon ɗa ba. Muka daidaita a kan gefen tabki da ɗan dajin da ke kusa da shi, mu juyo kafin la'asar ta yi sanyi.

Tun muna hanya na lura ba ƙasa yake kallo ba, itatuwa yake bi da ido.

"Kawu, wancan fa?"

Kalgo. Wancan kuma sabara. Ga aduwa, ga magarya, ƙirya, taramniya, geza, jefi-jefi tsamiya ko kanya. Yana rubutawa a ɗan littafi, fuskarsa na ƙara sauyawa. Na ce masa laima muka zo nema ko icce? Ya ce ai duk ɗaya ne, kuma daga abin da yake gani da wuya mu dace.

Ga yadda ya warware mini. Laimar da muke gani a sama ba ita ce halittar ba, ɗiyarta ce kawai da take turowa waje in ƙasa ta jiƙe don ta watsa iri. Ainihin halittar wani farin zare ne siriri da ke shimfiɗe cikin ƙasa shekara da shekaru. A wajen masu nono, zaren nan yana naɗe bakin ƙananan saiwoyin icce, ya zuƙo ruwa da abincin ƙasa daga inda saiwar ba ta kai ba ya ba iccen, shi kuma iccen ya biya shi da sukarin da ganyensa ya haɗa. Wani Bajamushe mai suna Albert Frank ya bayyana wannan cuɗanya a 1885. Abin da ya fi muhimmanci ga mai nema shi ne, ba kowane icce suke yarda da shi ba. Akwai wadda in ba gindin icce kaza ba, ba za ka taɓa ganinta ba ko da ka shekara kana yawo. Ni da na san ƙulle-ƙullen saiwar gujiya da wake tun ina makarantar aikin gona, na tambaye shi ko gawo ba ya cikin masu wannan hulɗa. Ya ce gawo yana da nasa abokan a cikin saiwa, amma ba masu fitar da laima ba ne. Haka kalgo, haka aduwa.

Su kansu itatuwan da yake ƙirgawa, rabinsu ba su nan lokacin da na fara aiki. Bayan farin 1984 gonakin nan fili ne fetal, iska na kwashe ƙasa tana binne shuka. Sassaben zamani ya dawo da su, wato barin tohon kututture ya girma maimakon a sassabe shi, aikin da Tony Rinaudo ɗan Ostareliya ya fara yaɗawa da manoman Maraɗi tun 1983. Na faɗa wa yaron haka da ɗan alfahari. Ya ce a makarantarsu ma an karanta musu labarin.

A Jiratawa muka tsaya muka sayi ƙosai, muka wuce garaken zogale. Hantsi bai gama ɗagawa ba muka ajiye mota a Madarunfa, muka gai da waɗanda ya kamata a gaisar, muka shiga daji da ƙafa.

Laima kam akwai ta, in ka sunkuya. A jikin wani tsohon kututture ga wasu jajaye masu sheƙi, masu taurin katako, a jere sama da ƙasa. A kan kashin shanu ga ƙanana masu siririyar ƙafa da ba su kai rana tsaka. A gefen wani mashekari kuma, cikin ciyawa, muka ci karo da manya farare sun yi da'ira, kowace hularta ta kai faɗin tafin hannu, da ɓawo-ɓawo ruwan ƙasa a sama. Maƙwabcina ya kai hannu zai fizge ɗaya, yaron ya tare shi.

"Baba, a bari in tono ta. Abin da ke gindi yakan fi na sama magana."

Ya durƙusa ya zura wuƙa can ƙasa ya ɗago ta ɗungurungum, ya kakkaɓe rairayi. Ya nuna mana zobe a wuyan ƙafar, wanda yake motsi sama da ƙasa in an taɓa shi. Sai ya lanƙwasa ƙafar. Ba ta karye ba, tsagewa ta yi zare-zare. Ya ce daga nan an gama magana, wannan ba ta cikin dangin da muke nema, domin su ƙafarsu karyewa take ƙas, a gutsure, babu zare ko ɗaya, kuma ba su da zobe. Duk da haka ya ja bakin wuƙa a kan haƙarƙarin da ke ƙarƙashin hular, ya jira. Ba abin da ya fito. Ya naɗe ta a takardar jarida, ya rubuta wurin da abin da ke kewaye da ita, ya sa a kwando. Leda ba ta shiga wannan aiki, cewarsa, don tana dafa laima ta ruɓe kafin a kai gida.

Ba mu yi nisa ba hadari ya haɗo daga gabas. Da gudu-gudu muka koma bakin gari muka fake a rumfar wani mai shayi, inda muka tarar da masunta biyu da wasu dattawa, da wata tsohuwa da ta sauke ƙwaryar tafasa tana jiran ruwa ya tsagaita. Ruwan bai yi niyyar tsagaitawa ba. Aka tambayi abin da ke cikin kwando, aka yi dariyar da na sani za a yi, sai yaron ya ciro salularsa ya ce bari ya nuna musu abin da ya kawo shi.

Hoton farko na daji ne, dogayen itatuwa masu kauri da mutum biyu ba su rungume ɗaya, ƙasa kuma ganye ne busasshe ruwan ƙasa ya rufe ta. Wannan shi ne iccen da Faransawa ke ce wa shen, masu Ingilishi su ce ok. Yana ɗaruruwan shekaru a raye, gefen ganyensa a lanƙwashe yake shiga da fita, ƙwallonsa kuma zaune yake cikin ɗan ƙoƙo. Da katakonsa suka riƙa ƙera jiragen ruwa a da. Daga Satumba zuwa Nuwamba, lokacin da ganyen ke zuba ana yayyafi, laimomi kan fito a gindinsa iri-iri, kuma mutane kan fita da kwanduna ranar hutu, yara da manya. A dazuzzukan gwamnati an yarda mutum ya ɗebi abin da bai wuce lita 5 ba a rana. Wani dattijo ya ce wato har awo ake yi wa laimar kwaɗi. Aka sake fashewa da dariya.

Sai ya buɗe bidiyo, rumfar ta yi tsit. Hannunsa ne a ciki, riƙe da wata laima mai hula ruwan hoda-hoda, da zane-zanen da'ira masu ɗan duhu, tsakiyarta a lotse. Ya kifa ta, ya ja wuƙa a kan haƙarƙarin. Nan take farin nono ya tsattsafo, ɗigo-ɗigo a jere a kan layin yankan. Muna kallo, cikin ƴan daƙiƙu, farin ya fara juyewa, ya koma ruwan ɗorawa shar, har inda ya ɗiga a yatsansa. Ɗaya daga cikin masuntan ya ce a maimaita. Aka maimaita. Dattijon da ya yi maganar awo ya ce, "Allah mai iko."

Wannan ita ce Lactarius chrysorrheus, kuma ba a cin ta. In ka ɗora ɗigon a bakin harshe, da farko ɗaci za ka ji, can sai yaji ya biyo baya ya kama maka baki. A gindin shen ɗin nan guda, taku kaɗan daga inda take, akwai ƴar'uwarta da in ka kalle su daga tsaye za ka iya cewa abu ɗaya ne. Ita ce Lactarius quietus, wadda ta fi kowace yawa a irin wannan daji kuma ba ta fita a gindin wani icce in ba shen ba. Hularta ba ta cika wuce santimita 8 ba, ruwan ƙasa ce mai ɗan ja, ba sheƙi, ita ma da da'irori amma dishi-dishi. Nononta fari ne mai ɗan sirkin rawaya tun fitowarsa, kuma haka yake tsayawa, ba ya rikiɗa. Ba ta da yaji. Abin da ke tona mata asiri shi ne wari, domin warin kuɗin cizo take yi, kuma haka littattafansu suka rubuta. A nan mai shayi ya ajiye butarsa don dariya, ya ce to wannan ko a cikin duhu shi zai gane ta, ya kwana a tashoshin mota da yawa. Ba ta kisa, wasu ma suna ci, amma ba wanda ke wahalar nemanta don miya.

Ta uku ita ce wadda ake nema, volemus. Hularta ruwan goro ce, busasshiya, da laushi in ka shafa, wani lokaci har ta tsattsage. Da ka taɓa ta da wuƙa nono yake kwararowa, ya fi na kowace yawa, fari mai danƙo, in ya bushe ya bar tabo ruwan ƙasa a hannu da tufa. Warin kifi take yi, kuma yana ƙaruwa in ta kwana, amma wuta tana kore shi. Masuntan suka ce wannan tasu ce.

Na lura da yadda yaron yake jera maganarsa, don a bakinsa ba launi ne ke zuwa farko ba. Launi ruwa yana wanke shi, rana tana kashe shi, tsufa yana sauya shi. Farko a ɗaga kai a ga wane icce ne a sama. Sannan a karya ƙafa. Sannan a yanka a ga nonon: yawansa, launinsa lokacin fitowa, da abin da ya koma bayan an jira, don haka yake ɗiga shi a farin ƙyalle ya sa ido. Sai a shinshina. Ɗanɗano yana zuwa ne bayan an tabbata dangin ne, shi ma ɗigo ɗaya a bakin harshe a tofar. Abin da ya rage sai takarda da madubin ƙara girma a ɗakin bincike. Ya ba da misali da wadda ta fi suna a kasuwannin Turai, Lactarius deliciosus, mai nono ruwan goro da ke barin tabo kore inda aka murza ta, wadda mutanen Kataloniya a Sifen suke gasawa da mai da tafarnuwa. Ita a gindin iccen fin take, mai ganyen allura. Wanda ya ce maka ya samo ta a dajin da babu sai shen, to wata aba ce daban ya ɗebo. Ya ƙara da cewa wanda ya ci ta da yawa fitsarinsa kan yi ja washegari, ba kuma ciwo ba ne. Ban ga amfanin wannan bayani a gaban dattawa ba, amma shi suka fi riƙewa.

Mai shayi ya tambaya ko duk mai farin nono ana ci. Kafin yaron ya buɗe baki wani dattijo ya amsa masa, ya ce tumfafiya ma ai farin nono gare ta. Yaron ya ce haka ne, yawancin masu yajin suna murɗa ciki da amai, ko da yake a Rasha da Finlan akwai waɗanda suke tafasawa su zubar da ruwan, su jiƙa da gishiri su ajiye don hunturu. Maƙwabcina ya kawo tasa dabarar, wai in ka ga tsutsa ko dodon koɗi sun ci laima to mutum ma zai iya ci, kuma ai tafasa tana kashe kowane dafi. Nan yaron ya daina murmushi. Ya nemo wani hoto: laima kyakkyawa, hula kore-kore, haƙarƙari fari fat, zobe a wuya, gindinta zaune cikin wata ƴar farar jaka da ke ɓoye a ƙasa. Amanita phalloides. Ita ma gindin shen take so, a daji ɗaya da waɗancan, a wata ɗaya. Ba ta da nono, ba ta da ɗaci, dodon koɗi yana cin ta lafiya lau, kuma tafasa ko suya ba sa taɓa dafinta. Wanda ya ci ba ya jin komai sai bayan awa 6 zuwa 24, sannan amai da gudawa su sarƙe shi, ya ɗan samu sauƙi har a yi zaton ya warke, alhali hanta ce ke mutuwa. Rabin hula ɗaya ya isa ya kashe babban mutum, kuma kusan 9 cikin 10 na masu mutuwa da laima a duniya ita ce sanadi. Jakar nan ta gindi ita ta sa ba a fizgar laima, tonowa ake yi.

Faransawa da kansu, duk da suna da ƙungiyar masana laima tun 1884, kuma al'adarsu ce mutum ya kai kwandonsa farmasi a duba masa kafin ya dafa, fiye da mutum dubu ne laima ke kwantarwa a kowace shekara. Hukumomin lafiyarsu har gargaɗi suke yi kada a dogara da manhajar salula mai gane laima daga hoto. Wannan ya kamata yaranmu su ji, masu ɗaukar hoton kowane ganye su tambayi intanet ko magani ne. Hoto ba ya ɗauko wari, ba ya nuna iccen da ke sama, ba ya jiran nono ya juya.

Yana da wata ƴar ambulan a littafinsa, da busassun ƴan laimomi jajaye a ciki, wata ƙarama ce daga dangin mai suna camphoratus. Ya miƙa aka riƙa shinshinawa ana miƙa wa na gaba. Da ta iso hannun tsohuwar mai tafasa, wadda tun ɗazu ba ta ce uffan ba, ta kai hanci sau ɗaya ta ce, "Hulba." Kuma hulbar ce sak. Sai ta ce a mayar mata da hoton mai zubar da nonon nan. Ta riƙe salular nesa da ido ta daɗe tana dubawa.

"Irin wagga ai na san ta."

"A ina, Inna?"

"Can ƙasar Gwari, sa'ad da munka zamna da malam, Allah shi jiƙan shi. Gindin doka taka hitowa in marka ta zamna. Matan Gwarawa na ɗiba tulli su kai kasuwa. In ka karya ta nono na zuba, shi ɓata maka zane."

Yaron ya kusa zubar da shayinsa. Abin da ta faɗa shi ne abin da ke cikin littattafansa. A Afirka ta Yamma masu nono suna bin doka ne da kawo da wasu itatuwan dazuzzukan kudu, kuma an tattara su da yawa a arewacin Benin da Togo da kudancin Burkina Faso. Tun daga 2008, da binciken ƙwayar halitta ya raba dangin, yawancin namu na Afirka sun koma ƙarƙashin sunan Lactifluus, tare da volemus mai warin kifi. Doka kuwa tana son ruwan da ya kusa ninka namu. Mu a Maraɗi abin da muke samu a shekara bai cika wuce milimita 500 ba, shi ya sa sai ka wuce Katsina ka nausa wajen Zariya kake fara ganinta. Ya tambaye ta ko ta taɓa ganin mai nonon a nan.

"Mijina, ina doka a nan? Nan sai ta suri."

Da ruwa ya ɗauke ita ta shige gaba, ƙwarya a ka, mu maza uku muna bin ta cikin taɓo. Ta wuce suri biyu ba ta ko kalle su ba, ta ce matattu ne, gara ta tashi. A na ukun, wanda sabon gini ke jiƙe a gefensa, ta tsaya ta nuna da haɓa. Guda huɗu ne, hula ruwan toka mai haske, tsakiyar kowace da ɗan tsini mai tauri. Ba ta karɓi wuƙar yaron ba. Tsinke ta samu ta riƙa sassauta ƙasa a hankali tana jan ƙafar sama, sai ga wata doguwar jijiya tana biyowa, siririya, ta fi kamu ɗaya kafin ta tsinke. Ta ce in babu wannan wutsiya da wannan tsini, ko a kan suri ta gan ta ba ta taɓawa. Yaron ya ce sunanta Termitomyces, kuma gara ce ke noma ta da gangan a cikin ɗakunan suri, tana tauna ciyawa da icce tana shimfiɗa mata, ita kuma tana narkar da su su zama abincin garar. Jijiyar daga can ɗakin take tasowa, tsinin kuma da shi take huda ƙasa. A Zambiya akwai irinta da hularta ke kai mita ɗaya. Tsohuwar ta ce wannan kam sai dai a yi gayya.

Ta ce da mai da albasa da ɗan yaji ake soya ta, ta fi naman kaza daɗi, amma a garin ita kaɗai ke ci, jikokinta ma ƙyama suke yi. Haka muke, mu Hausawan nan. Gurmawa na yammacin ƙasarmu sun fi mu sanin laima nesa ba kusa ba. Ba ina cewa kowa ya fita ya ɗebo ba, don wanda bai koya a hannun masani ba gara ya ci gaba da takewa ya wuce. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, matar nan ba ta taɓa shiga aji ba, amma tambayarta ta farko ita ce ta malaman Nansi: a gindin me ta fito? Ga jami'a muna da ita a Maraɗi, ga irin waɗannan tsofaffi suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya zauna da su da alƙalami. Yaron ya roƙi guda ɗaya don bincike, ta ba shi, na sa mata jika ɗaya a ƙwarya ta yi ta godiya.

Muka ci soyayyen kifi a bakin tabki, wanda ya cika ya shanye gindin itatuwa, inda mutanen garin ke cewa waliyyai 99 ne ke kwance kewaye da shi. Ba mu daɗe ba, rana ta karkata.

A hanyar komawa yaron ya bugi rufin mota ya ce a tsaya. Wani layin turare ne da aka dasa a gefen hanya, dogaye masu saɓulen ɓawo. Ya ce wannan icce daga Ostareliya aka kawo shi, kuma shi yana cikin masu hulɗar nan ta saiwa, don haka a duba. Bai yi taku goma ba ya tsugunna a kan wani dunƙule ruwan ƙasa da ya fasa ƙasa ya fito, ba hula ba ƙafa, mummuna ƙwarai. Ya raba shi biyu da wuƙa. Cikinsa cike yake da ƴan ƙwayoyi a jere, na ƙasa rawaya da baƙi masu danshi, na sama sun riga sun zama gari, kuma ya rina masa yatsu. Pisolithus ke nan. Ba ta da nono, ba a cin ta, amma a duk yinin ita kaɗai muka samu mai rayuwa irin ta masu nono, kuma a gindin baƙon icce muka same ta. Ya fi murna da ita fiye da kifin da na saya masa.

Da dare ya yanke hular farar nan ta mashekari, ya kifa ta a kan takarda rabi fara rabi baƙa, ya rufe da kwano. Uwargida ta ce kwanon ya zama nasa, kada ya sake shigar mata madafa. Da safe ya ɗaga. Garin irin ya zuba ya zana haƙarƙarin a kan takardar layi-layi, kuma kore ne, kore mai duhu-duhu. Na masu nono fari yake fita ko mai ɗan rawaya. Wannan Chlorophyllum molybdites ce, wadda ke kama da wasu da ake ci, take kuma sa amai da gudawa mai tsanani cikin awoyi kaɗan. Na aika a kira maƙwabcina ya zo ya gani da idonsa, tunda shi ya fara kai mata hannu.

Yaron ya yanke shawarar sauran hutunsa zai yi shi a Gaya, inda ruwa ke kai milimita 800 kuma har yanzu ana samun kawo. Mota zai shiga ta Konni da Dogon Dutsi zuwa Doso, daga nan ya gangara. Na haɗa shi da wani tsohon abokin aikina da ke can, na kuma ce in ya isa kada ya tsaya bin ofisoshi yana tambayar inda kawo ya rage. Ya nemi masu sassaƙar turmi, su ke sare shi.